Huig Haasnoot, Mutumin da Ya Nutse Sau Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin muna maƙwabtaka da Huig Haasnoot a garin Katwijk na bakin teku, katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka babu abin da zan faɗa a kansa wanda ban gani ko na ji da kunnena ba.

Masunci ne kamar ubansa. Ya yi shekara ashirin da shida yana fita teku, har ranar da igiya ta naɗe masa ƙafa ta bar shi da ɗingishi. Daga nan ya dawo tudu, yana zaune ƙofar gida yana ɗinkin koma, yana zagin duk wanda ya wuce da ƙullin igiyar da bai yi masa ba. Matarsa Leuntje takan ce tun da ya daina fita ta gane dalilin da ya sa aurensu ya daɗe.

A wajen shekarar 1838 masu zane suka fara zuwa garinmu daga birnin Hague. A lokacin kowane attajiri yana son ya rataye hoton jirgi yana nitsewa cikin dare a ɗakin cin abincinsa, da farin wata a sama, da wani bawan Allah rungume da gungume yana kallon ajalinsa. Jirgi da wata suna iya zana su daga ka, amma bawan Allahn nan sai an samo shi. Wani mai zane, Van Essel, dogo mai farin safar hannu, ya hango Huig da gemunsa da manyan idanunsa, ya tsaya cak.

"Malam, ka taɓa nitsewa?"

"Da na taɓa, da wa kake magana?"

Haka sana'ar ta fara. A tsakar gida ake yi. Huig ya kwanta kan tsohon itacen filafilin jirgi ya rungume shi, Van Essel ya kafa allonsa, Leuntje kuma aikinta ta riƙa sheƙa wa mijinta ruwan teku da bokiti don rigar ta manne a jiki. Ban taɓa ganin mace mai son aikinta irin haka ba.

"Ya isa, Uwargida, ya jiƙe," in ji mai zane.

"Ai Yallaɓai, gefen kunnen nan ya fara bushewa." Sai ta ƙara masa guda.

Cikin shekara huɗu Huig ya nutse a zane goma sha ɗaya, a hannun mutum biyar. Kuma babu wanda ya gama bai sha suka ba. Yakan tashi yana ɗigar ruwa, ya zagayo bayan mai zane ya ce, "Wa ya bar filafilin nan a buɗe cikin wannan iska? Ai gara da suka nutse, sakarkaru ne. Wannan watan kuma daga ina? A daren hadari mutum ko tafin hannunsa ba ya gani."

Maganar watan ce ta tsaya wa Van Essel a rai. Wata rana cikin Nuwamba ya ce shi fa sai ya ga teku da dare da idonsa. Huig ya ce bai ga laifin da uwar mutumin ta yi masa ba da zai jawo mata makoki. Amma da naci ya yi yawa, sai ya roƙi surukinsa Krijn, mai jirgi, ya ɗauke su su biyu a fitar dare.

Iskar ranar ba ta kai a kira ta guguwa ba. Duk da haka, ba su gama ƙetare raƙuman ruwan gaɓa ba Van Essel ya ajiye littafin zanensa ya nemi bokiti. Can cikin duhu aka ji muryarsa daga tsakanin kwandunan kifi.

"Huig, ina tekun?"

"Ga shi nan ko'ina, Yallaɓai. Har cikin takalminka."

"Ba na ganin komai!"

"To, ai ka gan shi ke nan."

Wajen ƙarfe biyu iska ta ƙaru. Huig ba shi da aikin yi a jirgin, don Krijn ya hana shi taɓa ko igiya ɗaya. Yana zaune ya riƙe gefe, sai gajimare ya tsage, wata ya faɗo kan ruwa. Ya ɗaga kai ya ga wani tudun ruwa ya taso gabansu, tsayinsa ya kai hasumiyar cocinmu, baƙi ƙirin daga ƙasa, can samansa kuma kore ne shar, haske na ratsa shi. Jirgin ya hau, ya hau, ya gangara, gajimare ya rufe.

Daga baya ya gaya mini cewa a shekarunsa ashirin da shida bai taɓa kallon abin ba, kullum kansa na ƙasa yana jan igiya ko kwarfar ruwa. Ya ce ya buɗe baki zai yi addu'a ya rasa ta inda ake farawa.

A jirgin dai, Huig ya girgiza kafaɗar mai zane. "Ka gani? Yallaɓai, ka gani?"

Van Essel bai gani ba. Kansa na cikin bokiti.

Kwana biyu mutumin ya yi kwance a ɗakin Leuntje yana shan romon kifi da cokali. A na uku ya kafa allo ya ce wa Huig, "Faɗa mini abin da ka gani." Sati guda Huig yana tsaye a kansa yana tsawa: "Ƙara baƙi! Ba wannan koren ba, wannan ai kabeji ne!" Da aka kai zanen Hague, jarida ta yabi Van Essel, ta rubuta cewa sai mai zuciyar zaki ne zai tsaya ya ƙura wa irin wannan ruwa ido. Fasto ya karanta mana a bakin coci. Krijn ya yi dariya har sai da aka ba shi kujera.

Huig bai yi dariya ba, kuma bai sake kwanciya kan itacen kowa ba. A cikin hunturun nan ya ciro wani tsohon ƙyaure, ya samo kwaltar da ake shafa wa jirgi da 'yar farar ƙasa, ya shige rumbu ya kama nasa zanen. Warin ya kori kajina har gida uku. Da ya gama ya kira mu. Ƙyaure ne baƙi wuluk, da wani ɗan zirin fari a kusurwa.

Leuntje ta ce, "To, sai yaushe za ka fara?"

Amma Krijn ya daɗe tsaye a gaban ƙyauren, hularsa a hannu, sannan ya ce, "Haka yake."

Huig ya rayu har shekara tamanin da ɗaya, ya rasu a kujerarsa lokacin haƙar dankali, lofe a bakinsa. Ƙyauren kuwa jikarsa ta sa a garken awakinta, don kwalta ba ta barin ruwan sama ya ci itace.