Kwanakin da Aka Ɗauke wa Baba

Jiya maƙwabciyata a Gusau ta dafa tafasa, warin ya tsallako katanga, sai mahaifina ya faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu na gefen Bungudu, lokacin Turawa na mulki, duk damina sai magidanta sun nome gandun mai gari kafin su taɓa nasu gonakin. Shekarar da mijina ya rasu na dawo gida da goyon 'ya mace, na tarar rumbu wayam, tafasa muke ci da ɗan gishiri. Ranar da aka sallami Baba daga gandu ko gida bai zauna ba, ya wuce gona, na bi shi. Ciyawa ta shaƙe geron, ganyen duk ya yi ɗorawa. Ya durƙusa yana tuge ta da hannu, tafinsa ya faffashe, jini na cakuɗa da laka.

Na ce, "Baba, haka Allah ya rubuta mana?"

Bai ɗago ba ya ce, "Ɗiyata, kada ki ɗora wa Allah. Ruwan da ya sauka a gandu shi ya sauka a nan. Mutane ne suka ɗauke mini kwanakina."

Geron bai yi ba. Nonona ya ƙafe, kafin kaka yarinyar ta rasu, shi da kansa ya kai ta makwancinta. Da damina ta zagayo aka sake kira, ya saɓi hauyarsa ya tafi, don babu yadda zai yi.

Allah shi jiƙan Baba, shi ba shi hutun da babu mai zuwa tashinsa, shi bi mana hakkinmu.