Irin da Aka Rataye a Ɗakin Kakata

Makon jiya maƙwabciyata a nan Birnin Kudu ta kawo mini zangarniyar dawa guda biyu, wai tsaraba daga ƙauyensu. Ina karɓa na ji ƙaurin hayaƙi a jikinsu, sai ga ni a ɗakin kakata, ina 'yar shekara tara, na ɗaga kai ina kallon rufi.

Ƙauyenmu yana kusa da Farin Dutse, a ƙasar Gwaram. Mu masu bi ba mu kai gida goma ba a tsakiyar maƙwabta Musulmi, majami'armu kuwa ɗakin ƙasa ne guda ɗaya. Amma muna da gonar ikilisiya da ake nomawa da gayya, amfaninta shi ke ciyar da mai bishararmu da baƙi da tsofaffin da ba su da kowa. Kowace shekara bayan girbi dattawa sukan zaɓi zangarniyoyi mafiya ƙoshi su kai wa kakata, domin ita ce mai ajiyar iri. Takan ɗaure su da kaba ta rataye a saman murhunta, hayaƙi ya yi ta dukansu har su yi baƙi, ƙwaro ba ya kusantarsu.

Kakata gajeriya ce mai kaifin baki, ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa, amma wa'azin da ta ji shekara ashirin baya za ta maimaita maka shi tiryan-tiryan. Abin da ta fi nanata mana shi ne, Ubangiji ba zai tambaye ka girman abin da aka damƙa maka ba, yadda ka riƙe shi zai tambaya. Ni kuwa a lokacin gani nake tsohuwa ce kawai mai son surutu a kan dawa.

Mutanenmu suna da wani hali, Allah ya gafarta mana. In ruwan shuka ya sauka kowa gonarsa yake rugawa, gonar ikilisiya sai an gama da na gida tukuna. Kakata ta yi faɗa a kan wannan har ta gaji. To, a shekarar da nake ba ka labari ruwa ya zo da wuri, kowa ya zuba irinsa duka a ƙasa, shuka ta fito kore shar, sannan sama ta ɗauke kusan wata guda. Muna kallo shukar ta lanƙwashe ta bushe. Da ruwa ya dawo, babu iri a gidanmu ko tafin hannu, rumbu ma saura ƙura da tsakuwa, wanda ake samu a kasuwar Gwaram kuwa ya fi ƙarfin babana. Irin kirki da ya rage a unguwarmu shi ne wanda ke lilo a saman murhun kakata.

Babana ya same ta da safe ya durƙusa. Ya ce aro ne, da girbi zai mayar ninki biyu, kuma babu wanda zai sani. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Da nawa ne, da ba ka ma tambaya ba. Ba nawa ba ne." Ya tuna mata cewa jikokinta ne za su kwana da yunwa baɗi, ta ce ta sani. Na ga idonta ya kawo ruwa.

Da hantsi ta tafi rijiya. Babana ya kira ni bayan rumbu, bai ko dubi fuskata ba, ya ce in shiga ɗakinta in taka turmi in zaro zangarniya biyu daga tsakiyar irin. Na taka, na zaro, na cusa a cikin zanina. Ina fitowa muka yi kiciɓis da ita a bakin ƙofa, ashe guga ta manta. Ta dubi kunkunniyar da ta ɓata mini hannu, ta dubi cikina da ya kumbura, ta ce, "Ƙawata, yaushe kika yi ƙiba haka?" Na fashe da kuka. Ba ta dake ni ba, ba ta kuma tambayi wanda ya aike ni ba. Ta sa ni na durƙusa na tsince ƙwayoyin da suka zube tun daga gindin turmi har bakin ƙofa, duk da haka kaji sun riga ni ga wasu.

Washegari Lahadi ce. Ta sauke irin duka ta ɗora mini a ka, muka shiga majami'a ana waƙa. Bayan sujada ta miƙe ta ajiye shi gaban dattawa, ta ware biyun nan gefe. Ta ce ga amanarsu, amma waɗannan biyun sun fita ɗakinta sun dawo, ƙwayoyinsu sun ragu, a ɗora laifin a kanta tunda ita aka ba tsaro. Sannan ta ce ɗanta ba shi da iri, haka gida uku a cikinmu, haka malamin da ke katanga ɗaya da mu, masu abu su san yadda za su yi da abinsu.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Can sai babana ya miƙe daga layin maza, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ni na aiki yarinyar."

Babu wanda ya tsawata masa. Mai bishara ya yi addu'a, dattawa suka fita gindin ɗorawa suka yi shawara. Suka yanke cewa Litinin da asuba kowa ya fito da sunguminsa a shuka gonar ikilisiya tukuna, abin da ya rage a raba wa gidajen da kakata ta ambata, har da na malam. Ba zan yi maka ƙarya ba, rabonmu rabin gona kawai ya shuka, kuma shekarar mun sha kunu fiye da yadda muka ci tuwo. Babana ya yi kusan mako biyu ba ya shiga ɗakinta sai gaisuwa daga waje. Amma tun daga wannan damina ba a sake barin gonar Ubangiji a ƙarshe ba.

Yanzu iri a leda yake zuwa da magani a jikinsa, ba mai rataye shi a hayaƙi, ɗakin kakata ma ya daɗe da rushewa. Ni ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar zumuntar mata a majami'armu, kuma na san suna cewa na cika tsanani a kan ko cokali ɗaya. Ba na jin haushi, na san inda na gado shi.

Da kakata ta rasu, dattawa suka zauna neman wanda za a ba ajiyar iri. Ba su daɗe ba suka aiko a kira babana. Ya ce ko sun manta abin da ya yi, suka ce saboda sun tuna ne. Shekara goma sha ɗaya irin yana rataye a gidanmu, a cikinsu har da shekara biyu ta fari, kuma bai taɓa komawa majami'a da ragin ƙwaya ɗaya ba.