Dalmar Famfon Hajiya Tabawa

Cikin duk ramukan da na tona a aikin ruwa, na ƙofar gidan Malam Idi a Gaya ne ya ƙi fita daga raina. Lokacin ina foman, aka turo mu gida-gida mu tantance irin bututun da ya ɗauko ruwa daga babban layi zuwa kowane famfo.

Ku yaran yanzu da kuke zaton roba kaɗai aka taɓa binnewa a ƙasa, ga yadda ake yi. Ka tona har ka iske bututun, ka kankare shi da mukulli, sannan ka ɗora masa maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In wurin ya yi ja, jan ƙarfe ne. Amma in ka ji laushi, wurin ya yi ƙyalli, maganaɗisun kuma ya zame ya faɗi, to ka gamu da dalma. Ita ce take narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwa tana cin mai sha, musamman ƙananan yara.

Malam Idi dattijo ne mai koyarwa a Islamiyyar unguwar. Famfon ƙofar gidansa sadaka ce ya yi wa marigayiyar matarsa, Hajiya Tabawa, don duk mai wucewa ya sha, lada ya kai mata. Yana tsaye a kaina da carbinsa na kankare bututun, maganaɗisu ya faɗi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, dalma ce."

Sai ya washe baki. "Ai na sani, Malam Sani! Da kaina na zaɓo shi wurin masu tsofaffin ƙarafa. Na ce ba zan sa wa Tabawa abin da zai yi tsatsa ba. Tukwanenta na dalma har yau da su ake girki a gidan nan."

Nan na gane inda kuskuren yake. Mu Hausawa abu biyu muke kira dalma: farin ƙarfen tukunya mara nauyi, da wannan mai nauyi mai guba. Na fito daga ramin na durƙusa, na yi masa bayani a hankali. Na ce mafi muni shi ne ruwan da ya kwana cikin bututun.

Ya daina jan carbin. Ya ce, "Ruwan farko na safe kenan?"

Na ce shi.

Ashe yana da jika, Ummi, wadda tun yaye take fama da ciwon ciki. Kullum da asuba shi yake fara buɗe famfon kafin kowa ya taɓa, ya tari ruwan farko, ya wanke mata rubutu da shi ta sha. A ganinsa babu ruwan da ya kai wannan tsabta. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

A ranar na sanar da injiniyanmu, ya ce a yanke a sa roba. Ummi kuwa aka kai ta asibiti a Kano, aka samu dalmar a jininta. Magani ya kwantar da cikin, amma karatunta bai dawo kamar na tsaranta ba.

Da na koma duba aikin, na tarar da Malam zaune kusa da famfon, ya rame. Ya ce, "Malam Sani, lada na aika wa Tabawa, ko alhaki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai Allah niyya yake dubawa."

Ya ce, "Na sani, ni nake koyar da shi. Amma yarinyar nan da hannuna nake ba ta, tana sha tana ce mini ta gode."

Na buɗe famfon na duba ruwan, na yi masa sallama na tafi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, gane bututu ba shi ne wuyar aikin nan ba, mukulli da maganaɗisu sun isa. Wuyar ita ce mutumin da yake tsaye a kanka yana jiran ka yi magana. Tun ranar ban sake cewa "dalma ce" in yi shiru ba. Sai na ce dalma mai guba, kuma kafin in fito daga rami sai na tambayi wa yake shan ruwan farko a gidan.