Ruwan Ƙusar Layin Dogo

Bari in fara da gaskiya tun kafin wani ya riga ni: ni wawa ne, kuma irin wawan da ke da tabbaci. Aji uku na yi a firamare, malamin ya huta, ni ma na huta. Ubana maƙeri ne, na gudu daga ƙira na koma gyaran keke, amma bakina bai daina cewa ni ɗan gado ne ba. A tsakiyar shekarun casa'in 'yarmu ta haihu a can ƙasar waje, a garin Greensboro, inda mijinta ke karatu. Aka aiko uwarta ta je wankan jego, ni kuma na maƙale kamar ƙaya a zane, wai ba za ta iya jirgi ita kaɗai ba, alhali ni ne na riƙe hannunta har muka sauka.

Wani ɗan tsohon gida suke haya a unguwar Glenwood. Da safe su biyun su fice, a bar mu da jaririya, wadda tsohuwata, wato matar tawa, ba ta saukewa daga baya sai in za ta yi salla. Wata rana ta ɗaga mayafi ta nuna mini wasu kaluluwa a gefen wuyanta, kamar 'ya'yan goruba, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ta roƙe ni kada yaran su ji, don ta ji ana cewa a ƙasar nan da an ga ciwo a jikinka sai a raba ka da jariri. Maimakon in tsawata mata, sai na bugi ƙirji. Na ce ai na san abin, na yi shi ina yaro, da ruwan da ubana ke kashe jan ƙarfe a ciki aka yi mini magani, jini ne kawai ya yi rauni.

Na bi gefen layin dogo na tsinto ƙatuwar ƙusa, na wanke ta tas. Kullum in hura gawayi a murhun gashin naman surukina a bayan gida, in ƙona ta ta yi ja, in tsoma a kofin ruwa, in zuba zuma. Ɗaliban maƙwabta suna leƙowa ta shinge suna ɗaga mini yatsa, sun zaci tsire zan yi. Na je kemis neman man kifi, Turancina bai wuce sori da tankiyu ba, sai da na yi wa yarinyar kantin iyo da hannu kafin ta gane. Tsohuwata ta riƙa sha tana yatsine fuska tana ce mini likitan kekuna. Cin abincinta ya ɗan ƙaru, ni kuwa har tafiyata ta canza.

Haka muka cinye watanni. Ta fara ramewa, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, na ce ciwon ne ke fita. Ranar da 'yarmu ta zaunar da ita kitso ta zame mayafin, ɗaya daga kaluluwan ta riga ta fashe tana ruwa. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ta yi, Baba tun yaushe, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A asibiti likita ta ce ƙwayar tarin fuka ce ta zauna a wuya. Da aka fassara mata labarin ƙusata ba ta yi dariya ba. Ta ce likitocin da can ma da ruwan ƙarfe da man kifi suke fama, don ba su da wani abu, yana ƙara ƙarfin jiki amma ba ya kashe ƙwayar, wanda ya tashi Allah ne ya tashe shi. Aka duba ƙirjinta, aka gwada jaririya, duka lafiya. Sai dai kafin sakamako ya fito kuma gyambon ya kame, an hana ta goyo. Abin da ta ɓoye ciwon don gudunsa, ni na jawo mata shi. Ina ganinta zaune tana ninke zanen goyo tana warwarewa.

Ta sha ƙwayoyi wata da watanni, ta warke, ta yi goyonta har yarinya ta yi ƙafa. Don haka jama'a, kumburin da ba ya zafi kada ku raina shi, kuma in naku ya ce ku rufa masa asirin ciwo, ku tona, ya yi fushi yana da rai. Abin da aka yi maka kana yaro ba ilimi ba ne, rahama ce ka samu.

Shekaru bayan mun dawo gida, kafin Allah ya karɓi abarsa, na nemi gafararta. Ta dube ni ta ce: “Malam, tun kofin farko na san ba magani ba ne. Amma tunda aka kawo ni gidanka, ban taɓa ganin ka hura wuta saboda ni ba.”