Furannin Ƙofar Mama

Oleta Tackett ba ta taɓa kiran wurin gandun shaƙatawa ba, gida take ce masa. A wannan kwari na duwatsun Kentucky aka haife ta. Tana 'yar ƙarama gwamnatin jiha ta tashe su, aka rushe gidajen katako, aka yi tafki da hanyoyin yawo. Ta yi aure, ta ƙarar da ƙarfinta wajen dafa wa 'yan makaranta wake da burodin masara, amma ranta yana kwarin.

Daji ya cinye komai, ko dutsen murhu bai bari ba. Sai dai duk ɗan kwarin ya sani, inda ka ga furanni rawaya sun jeru layi biyu a tsakiyar daji, nan ƙofar wani take. Nasu, mahaifiyarsu ce ta shuka. Duk shekara in sanyi ya ja baya, Oleta kan hau tudun ta tsaya tsakanin layukan, ta goge ƙafa kamar mai shirin shiga ɗaki.

Ƙanenta Verlin ke kai ta a mota, yana mita. Shi dai a wurinsa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, gaida ciyawa kuwa aikin marasa aiki ne. Bakin tafki yake zama da ƙugiyarsa.

Bana gwiwa ta ƙi. Oleta ta ɗan taka, ta zube a benci kusa da allon da ke ba baƙi labarin mutanen da. Kewa ta kama ta. Verlin ya dube ta, ya ajiye ƙugiya, ya nufi tudun.

Ya daɗe kafin ya dawo, yana haki, hularsa cike da furanni har da saiwa da ƙasa.

"Ga gidanki nan, Yaya. Ki dasa a bakin taga, kowa ya huta."

Ta kai hular hanci, ta jima a haka. Sannan ta tambaye shi ko duka ya tono. Ya ce duka mana, ai ba su da yawa.

"Kai dai har ka tsufa hankali bai zo ba. To da me za a gane ƙofar Mama?"

Verlin ya miƙa hannu. Ya karɓi hular ya rungume, ya sake kama hanyar tudun a hankali. Har ya yi nisa ta ɗaga murya.

"Layi biyu, Verlin. Ka bar min wurin shiga."