Kukan Mai Akuya

Yayana Ɗanjuma bai taɓa fitowa a matsayin jarumi ba. Ina, da wannan doguwar haɓar da kunnuwa kamar faifai? Tun yana makaranta a Gumel, in za a yi wasan kwaikwayo rawarsa ɗaya ce: baƙauyen da aka sace wa akuya a kasuwar Maigatari. Zai shigo da guntuwar igiya a hannu, leɓensa na ƙasa ya fara rawa, sannan ya ja wani siririn kuka mai shaƙuwa a ƙarshe. Shi ke nan, sai ka ga dattijo da gemunsa yana riƙe ciki.

Da kukan nan ya ci abinci. Ya bi motar masu wayar da kai kan rigakafi har Ɗanzomo da Gagarawa Tasha, daga baya 'yan fim na Kano suka riƙa kiransa ya yi fitowa ɗaya ya dawo. Sunansa ma ya ɓace, kowa sai Mai Akuya. Yanzu kuwa samari sun yanko kukan suna tura wa juna a waya.

Bara da damina matarsa Ummukulsum ta rasu. Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna karɓar gaisuwa kamar kowane miji. Iyakar abin da yake so ke nan, ya zauna mata makoki, duk wanda ya ce Allah ya jiƙanta ya amsa da bakinsa.

To, sai leɓen ya fara rawa. Wallahi ba wasa yake ba, ashe kukansa na gaske ma haka yake, har shaƙuwar. Mutanen kirki, masu ƙaunarsa, sai su durƙusa su miƙa hannu, su dubi fuskarsa, su sunkuyar da kai kafaɗa na girgiza. Wani ya toshe baki da hula ya tashi tun ba a shafa fatiha ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan zaga? Su ma kunya ta ishe su.

Ya rufe fuska da hannun riga, sautin ya fito. Ya danne ya yi shiru, haɓar ta ƙi tsayawa.

Bayan la'asar limamin unguwa, Malam Abdulfatah, ya ja ni gefe ya ce addu'a ba za ta yiwu a haka ba, gara Ɗanjuma ya koma ɗakinsa, ni in karɓi gaisuwar. Na je na durƙusa na faɗa masa, ban iya dubansa ba.

Bai yi gardama ba. Ya jawo takalmansa ya saka, ya miƙe, sannan ya ce, "Zayyad, in sun yi mata addu'a ka riƙa ɗaga murya wajen amin, don in jiyo daga ɗaki ni ma in amsa."