Ni Na Gani, Sarkin Fawa Ya Yi Rantsuwa

Bana shekara arba'in da rasuwar Yaya Ilu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, mahauci a Fatakwal. Allah Ya ji ƙansa. Ina yi masa addu'a kullum, amma har yau ban huce da shi ba.

Lokacin Turawa na shirin tafiya, ni kuma aurena ya mutu, ina zaune gidansa ina sayar da tuwo a bakin mayanka. Wata rana da hantsi wani dogon mutum mai gyambo a ƙafa ya jawo bijimi, ya tsaya dab da tukunyata. A gabana suka yi ciniki da Yaya, ya ce ya sallama, suka tafa. Har tuwona ya ci. Kashegari sai ga 'yan sanda tare da wani falke, ya nuna fatar bijimin ya ce sansa ne da aka sace. Mai gyambo kuwa ko ƙurarsa. Aka maka Yaya a kotu.

Manyan unguwa suka taru a zaure. Na ce a kai ni kotu in faɗa. Suka ce mace a gaban majistare, ƙarti na kallo? Sarkin Fawa zai ɗauki maganata ya kai, ai bakin babba ya fi nauyi. Haka muka saba, ƙarami ba ya magana inda babba yake.

Abin da ya faru a kotu ji na yi, ban gani ba. An ce Sarkin Fawa ya sha rawani ya yi rantsuwa, ya fara: "Ƙanwarsa ta gaya mini..." Nan aka tsayar da shi. Tafinta ya ce wannan sunanta shaidar jita-jita, wato ka zo da abin da wani ya gani, kai kunnenka kawai ya ji. Kotu ba ta ɗora hukunci a kanta, don in an tambaye ka wace ƙafa ce mai gyambon, ba ka da amsa. Sai wanda ya gani ya zo da kansa a juya shi da tambaya.

Jama'a suka yi ta zagin shari'ar Nasara. Ni ban zaga ba. Tun kafin Bature ya zo muke cewa gani ya kori ji. Majistaren ma ya ɗage shari'a, ya ce a kawo mai idon.

Na sami Yaya na ce, "Yaya, kullum fa a tsakiyar mahauta nake kwasar tuwo. Wane kallo ne ya rage ba a yi mini ba?"

Ya ce, "Kande, wancan neman halali ne. Kotu kuwa, gobe a ce ƙanwar Ilu har akwatin shaida ta shiga. Wa zai aure ki?"

Haka ya hana ni zuwa, aka ɗaure shi wata shida. Da ya fito, ba falken da ya ƙara ba shi sa a kan amana. Ya koma Anacha, ya koma Inugu, duk inda ya sauka labari ya riga shi. Kun ji fa: jita-jitar da kotu ta ƙi karɓa don ta wanke shi, kasuwa ta karɓi irinta hannu bibbiyu ta kashe shi da ita. Mutumin da ke yanka shanu ya ƙare da tallan tsire a tasha.

Yau mata ne ke zama kan kujerar shari'a, maza na tashi tsaye in sun shigo. Nakan ce da Yaya zai leƙo, ya zai ce? Na san shi, taurin kai kamar ƙahon bauna. Zai ce, "Su ba ƙannena ba ne." Amma da zai ji har yanzu a unguwar Rumuokoro ta Fatakwal akwai masu nuna jikokinsa da baki, ana cewa kakansu ya taɓa cin sarƙa kan sata, ban sani ba ko zai sake shawara. Masu faɗar nan ba a ma haife su ba lokacin.

Me ya bari? Ba gida, ba garke. Ya bar 'ya'ya masu riƙon amana, ya bar ni da mutuncin da ban roƙa ba, wanda ya saya da sunansa. Na yi aure, na haifi bakwai, ba wanda ya taɓa goranta mini kotu. Shi kuwa gorin ya bi shi har kabari.

Sarkin Fawa ya tafi, falken ya tafi, tafintan ma na ji ya tafi. Ni kaɗai na rage da na ga hannun Yaya cikin hannun mai gyambo. Ranar da aka ɗauke ni a makara, gaskiyarsa ma ta koma "an ce".